Ranar da Yashi Ya Nuna

A gidanmu na Garou ba a taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutar ta bandar kifi ce, tatsuniya raɓawa kawai take yi. Kakata ta wajen uwa, Kaka Biba, ita ke da murhun banda mafi girma a unguwarmu, na laka, mai baki biyu, a bayan rumbun shinkafa. Lokacin ɗari, sa'ad da baƙin ruwa ya sauko daga Mali ya cika gulbin Kwara har bakin gonaki, masunta kan kawo mata tarwaɗa da karfasa kwando-kwando, dole kuma wani ya tsare wutar kada ta tashi ta ƙone kifin. Da an sallame isha'i sai mu jikoki mu kewaye ta, kowa da ɗan zanensa a kafaɗa. Hayaƙi yana sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

Ita Dendi ce, aure ya kawo ta cikin Hausawa. Da Hausa take ba da labari, amma in wuta ta yi mata gardama, ko wani ya miƙa hannu wajen kifi, da Dendanci take zagi. Ni take kira mijinta, raggon miji wanda bai taɓa kawo cefane ba. In za ta fara sai ta buga muciya a bakin murhu ta ce, "Ga ta can bakin gulbi tana neman jirgi." Mu amsa baki ɗaya, "Mu tsallako da ita, Kaka."

Akwai wadda ta fi yawan maimaitawa, mu kuwa ita muka fi ƙi. Kafin in faɗe ta sai na bayyana yadda muke kokawa a Garou, domin ba kamar ta sauran wurare ba ce. Mu ba mu da filin kokawa a cikin gari. Bayan an cire albasa, zafi ya shigo, gulbi kan janye ya bar tudun yashi a tsakiya, bana a nan, baɗi a can. Dattawa uku da ake kira masu taka yashi su ke zuwa da sassafe, ba takalmi, su taka shi. In ya cika laima yana haɗiye ƙafa ya karya gwiwa. In ya bushe sarai yana ƙuna, kuma shanu sun riga sun sauko sun tattake shi. Ana so sama ta bushe kamar tsawon yatsa, ƙasa da sanyi. Ranar da suka ce ya nuna, kwana na uku a yi kokawa, ko ranar kasuwa ce, ko wani yana biki. Ba mai biyan ko dala.

To, tatsuniyar ta wani attajiri ce na tudu, mai fataucin gishiri, can inda ake haƙa rijiya gaba talatin kafin a ga laima. Wata shekara hanya ta biyo da shi ta wani ƙauyen bakin gulbi ranar kokawarsu. Ya ji ihun da ya tashi lokacin da aka yi kaye, har tsuntsaye suka watse daga bisa itatuwa. Ya juya ya ce wa baransa, nawa ake sayar da wannan?

Ya sayi ƴan kokawar, kowa saniya da riga. Ya sayi makaɗa da gangunansu. Aka ce masa ai ba a yin ta sai bisa yashin gulbi, ya ce wannan mai sauƙi ne, ya aiko jakuna ɗari uku suka kwashi yashi zuwa ƙofar gidansa. Ya kewaye wurin da zana, mai son kallo ya kawo tiyar gero. Kokawar farko ta yi kyau, Kaka ba ta ɓoye wannan. Sai ya ce don me sau ɗaya a shekara, a yi kowace kasuwa. Don me gari ɗaya, a yi a garuruwa bakwai. Ƴan kokawa ba su isa ba, aka kamo ƴan dako da masu haƙar rijiya aka ɗaura musu layu.

A nan Kaka kan ajiye muciya ta riƙe ciki don dariya. "Mutanen tudu ba su san lokacin ihu ba, ɗiyana. Ɗan kokawa shi tsaya tohin yawu, su ɗauki guɗa. A yi kayen da ba a taɓa gani ba, su suna ɓare gyaɗa. Sai da attajiri ya ɗauki mutum aiki, shina tsaye da sanda. In ya ɗaga, a yi ihu. In ya sauke, a yi shiru."

Can ƙauye kuwa gulbi ya janye kamar yadda ya saba, yashi ya fito. Mutane suka ce me za a yi da shi, ba ɗan kokawa, ba ganga. Sai wasu tsofaffi biyu, ɗaya ba haƙori, ɗaya ido guda, waɗanda shekara arba'in ba sa ga maciji saboda wata akuya, suka ɗaura walki suka shiga. Mata suka kifa ƙwarya a cikin ruwa suna kaɗawa. Tsofaffin suka riƙe juna suna tangaɗi suna tari, har suka zube tare. Kowannensu ya ce ɗayan ne ya fara taɓa ƙasa, da wannan gardama suka shiga kabari.

Nan take tsayawa. Mu kuwa sai mu taso mata.

"Kaka, ƴan kokawar sun dawo?"

"Mi za ya maido su? Suna cin nama kullum."

"To attajirin ya talauce?"

"Ya ƙara kuɗi, har tumbinai ya yi hawa biyu."

Ni na fi kowa jin haushi. Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, ba a hukunta kowa ba. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Kai raggon miji, tambaya guda. Shekaran nan an yi kokawa bisa yashi ko ba a yi ba?" Na ce an yi. Ta ce, "To juya mini kifin ga. Tatsuniya ta hau jirginta ta koma."

Na bar Garou ina ɗan shekara goma sha tara. Na yi karen mota tsakanin Malanville da Parakou, na yi dako a tashar jiragen ruwa ta Kutonu, daga nan na shiga jirgi a matsayin mai dafuwa. Teku ta koya mini Faransanci na gaske, ba na lakwal ba, wato na makarantar boko, da Turanci, da Yarabanci, da zagi cikin harsuna uku da ban iya gaisuwa da su ba. Ƙarshe na zauna shekara goma sha huɗu a wani gari na tsakiyar Kanada, shimfiɗaɗɗe kamar fadama, mai gulbi a cikinsa. Aikina shara a babban zauren da ake wasan hoki na kan ƙanƙara.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum shida ne kowane gefe, da takalma masu kaifin ƙarfe a tafin ƙafa, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani baƙin faifan roba kamar wainar da ta ƙone. Gudu suke kamar shaho ya sauko, su bugi juna da katanga har haƙori ya faɗi. Ranar farko na ce waɗannan mahaukata ne. Wata uku bayan haka ni ne mai ihu da tsintsiya a hannu.

Wanda ke gyara ƙanƙarar zauren wani dattijo ne mai jin Faransanci, sunansa Armand. Ɗarin farko ya ce in raka shi bakin gulbi. Ya ɗauki gatari ya sari ƙanƙara, ya sa hannu a ramin ya auna kaurinta da yatsu, ya matsa gaba ya sake sara, ya tsaya yana sauraron ƙarar da take yi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce ubansa ya koya masa, kuma a unguwarsu ba mai sa takalmin wasa sai ya ce ta yi. Na tsaya cikin wannan sanyi ina dariya har hawaye ya daskare mini a gemu. Ya ce mene ne? Na ce mu a gida jira muke ruwa ya tafi, ku jira kuke ya yi barci, amma tsoho ɗaya ne ke zuwa dubawa.

Ƙungiyar garin ba ta cika cin nasara ba, amma tasu ce. Ma'aikatan jirgin ƙasa da masu jinya da direbobin bas ke cika zauren, wani a kujerar da ubansa ya zauna. A kan idona abin ya canza, daidai shekarun da ake ta aiko mini labarin zaɓen farko bayan mulkin soja daga gida. Albashin ƴan wasa ya yi tsalle. Shugabannin gasar suka fara buɗe sababbin ƙungiyoyi a biranen kudancin Amurka, inda mutane ke yawo da gajeren wando a tsakiyar ɗari, saboda can kuɗin talabijin yake. Ƙungiyoyi suka yi yawa, ƙwararru suka rarrabu, aka ja lokacin wasa har gulbi ya narke ana nan ana yi a kan ƙanƙarar inji. Ɗan wasan da ka saya wa ɗanka rigarsa bana, baɗi yana wani gari. Kuɗin shiga ya kori direbobin bas zuwa kujerun can sama. Masu ƙungiya suka ce sai an gina sabon zaure mai ɗakunan gilashi, inda manya za su ci abinci suna kallo ba tare da sun ji warin kowa ba.

Wata rana aka rataya babban allo mai haske a tsakiyar zaure. Ana cikin wasa sai ya rubuta da manyan baƙaƙe wai a yi ihu. Na jingina tsintsiya na zauna a kan matakala. Shekara arba'in ban tuna mai sandan Kaka Biba ba sai ranar.

Mutanen gari sun yi zanga-zanga, sun yi karo-karo, bai isa ba. Aka sayar da ƙungiyar, aka kwashe ta zuwa wani birni na hamada wanda ya fi Malanville zafi. Ranar wasan ƙarshe Armand ya gyara ƙanƙara kamar madubi. Da aka tashi mutane suka ƙi fita, manya da furfura suna kuka a fili. Washegari muna cin burodi a ɗakin inji na ba Armand tatsuniyar, ina juya ta daga Hausa zuwa Faransanci. Da na kai ƙarshe ya ce, "To, sun dawo?" Na ce haka muka tambaya mu ma. Ya daɗe yana taunawa. Da ɗari ya kama ya ɗauki gatarinsa. Na ga dattawan unguwarsu a kan gulbi da tsofaffin sanduna, suna faɗuwa suna zagin juna, ɗaya ma sai da aka kai shi asibiti.

Ba na cewa kuɗin bai yi wa kowa rana ba. Na san tsofaffin ƴan wasa na da, masu ɗingishi, da suka ƙare suna gadi. Na yanzu suna ciyar da jikokinsu, kuma jikinsu ne suke karyawa, sun cancanta. Daga baya ma na ji an kawo wa garin wata ƙungiya, wadda aka kwaso daga wani garin da shi kuma aka bari da kuka. Armand bai kai ba, ya riga ya rasu.

Na dawo gida da furfura. Da kawuna ya rasu aka sa ni a gurbinsa cikin masu taka yashi, wai na ga duniya. Shekara shida muna yi lafiya. Bara sai ga Mamudu, ɗan ƙanwata, wanda ke loda albasa zuwa Kutonu kuma Allah ya buɗa masa, ya zo da wasu mutum biyu masu jaka. Ya zauna a ƙasa kamar yadda ya kamata, ya gaishe ni har uku, sannan ya buɗe takarda. Za a kafa gasar kokawa ta garuruwa takwas, da Garou da Guéné da Toumboutou da sauransu. Fili a Malanville, an kewaye shi da kwano, tifa za ta kawo yashi, akwai fitilu, akwai masu ɗaukar hoto. Kowace Asabar. Shiga dala ɗari. Ƴan kokawa za su samu albashi, amma wanda ya sa hannu ba zai sake kokawa a wani wuri ba, kada ya ji ciwo a banza.

"A banza," na ce.

"Kawu, ba haka nake nuhi ba. Kai da ka zauna ƙasar Turawa, kai ya kamata ka fi kowa ganewa. Haka ake yi ko'ina."

"Na gani da idona, shi ya sa. Wa zai faɗi ranar?"

"Ga ta nan rubuce, har ta baɗi."

"Kai ka san inda gulbi zai aje yashi baɗi?"

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, tifa ba ta tambayar gulbi."

Da yamma Kadri ya zo, wanda shekara huɗu ba a kai bayansa ƙasa ba a Garou. Yana da mata da ɗiya uku, ruwa kuma ya ci masa shinkafa. Ya tsuguna yana murza hula ya ce, "Baba, in sa hannu?" Na ce sa. Ni da na bar uwata na bi jirgi don abinci ba ni da bakin hana ka. Shi da wasu bakwai suka sa, makaɗinmu ma ya bi su. Abin da na ƙi, ni da dattawan nan biyu, shi ne mu ce an daina ta yashi.

Gulbi ya janye. Muka yi ta takawa kowace safiya, ranar Alhamis ya nuna. Kwana na uku Asabar ke nan, ranar buɗe gasarsu. Ba mu shirya haka ba, Allah shaida. Mamudu ya taho a kan babur ko gaisuwa bai gama ba.

"Kawu, don girman Allah ku maida ta Lahadi. Kwana guda! Yashin guduwa zai yi?"

"Ba zai gudu ba."

"To mene ne? So kake a ce kawuna ne ya ɓata mini taro?"

"Taronka ba zai ɓaci ba, ɗana. Kana da fitilu."

Gaskiya ita ce kwana ɗaya ba zai lalata yashin ba, na sani, shi ma ya sani. Amma na riga na ga yadda ake farawa. In mun matsa bana don takardarsu, baɗi ba sai mun sha wahalar fita da sassafe ba, takarda za mu tambaya. Muna yara na ɗauka tatsuniyar Kaka kan butulcin ƴan kokawa take. A Kanada na ɗauka kan attajirai take. Sai da na ga ɗan ƙanwata tsaye yana roƙona kwana guda na gane ba ruwanta da su duka. Ta bar musu namansu da tumbinsu ba ta ko waiwaya ba. Mu da aka bari a ƙauye take yi wa magana.

Ranar Asabar babura suka yi ta wucewa Malanville, har da jikokina. Mu da muka tsallaka zuwa yashi ba mu cika jirgi shida ba, yawanci mata da tsofaffi. Wani Bafulatani ya kawo sarewa, wani ya buga jarka. Kokawa huɗu aka yi, kuma ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin marar kyau irinta ba. Wanda ya ci shi ne Hasan Gajere, manomin albasa da bai taɓa kada kowa ba sai ƙanin matarsa. Amma al'ada ba ta tambayi kyau ba. Wanda ya ci a yashi shi ne zakaran Garou har gulbi ya sake janyewa. Kowane jirgi zai tsallakar da shi kyauta, mata kuma su sa sunansa a waƙar daka.

Gasar Mamudu ta cika maƙil, yanzu ma an ce za a ƙara garuruwa huɗu. Yana gaishe ni a masallaci, amma bai sake zama a tabarmata ba, uwarsa kuma tana ganin laifina. Wannan yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Kadri ya kada kowa a Malanville, aka ba shi sabon babur. Bayan mako biyu ya zo gaishe ni da hantsi, ya kafe babur a ƙofar gida inda kowa zai gani. Muna cikin gaisuwa sai matan maƙwabta suka fara daka, turmi uku, suna kiran Hasan Gajere giwa mai karya gada. Kadri ya kasa kunne. Ya saurara har aka zagayo baitin sau biyu.

"Baba, har matata ke yin waƙar ga. A cikin gidana."

"Ai shi ya ci."

"Hasan? Wallahi da hannu guda nike kada shi, ina shan fura da gudan."

"Na yarda. Kowa ya yarda. Sai ka zo ka kada shi."

"Takarda ta hana ni, Baba, ka sani." Ya dubi babur, ya dubi wajen da dakan ke fitowa. Ya rage murya ya ce, "Baɗi wace rana ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Kadri. Ba wanda ya sani. In ruwa ya fara janyewa ka riƙa kwana a Garou."